Ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin mazaɓa: me yake yi wa mai doguwar naƙuda, me ya fi ƙarfinsa?

A ƙauyukan Jigawa da Kano, idan naƙuda ta wuni ta kwana babu labari, wurin da ake fara nufa shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa, wanda wasu ke kira sha-ka-tafi. Jigawa na da mazaɓu 287, Kano na da 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla guda ɗaya mai aiki. Wannan sharhi ba a kan wani asibiti guda yake ba, domin kusan fasalinsu ɗaya ne: gadon karɓar haihuwa ɗaya ko biyu, ɗan ɗakin hutawa, ungozomar asibiti ko jami'ar lafiya, da akwatin magani. Ma'auninmu kuwa guda ne, wato yadda wurin yake yi da matar da haihuwa ta zo mata da gardama.

Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, ga naƙudar da jinkiri kawai take yi, wurin ya fi gida nesa ba kusa ba. Ga naƙudar da ta toshe kuwa, ba wurin zama ba ne, zango ne. Babu ɗakin tiyata, babu ajiyar jini, babu likita. Darajarsa duka tana ga iya bambance waɗannan biyun da wuri, da tura mace gaba tun tana da sauran ƙarfi.

Bambancin yana bukatar bayani, don a nan iyalai da yawa ke ruɗewa. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin jariri ya fito. Daga farkon ciwon mara zuwa santimita 5, abin kan ja lokaci, musamman ga mai cikin fari, har ta kwana tana juyi ba tare da wata matsala ba. Daga 5 zuwa 10 ake kirga naƙuda ta sosai, kuma bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 wannan zango ba ya cika wuce awa 12 a haihuwar fari, ko awa 10 ga wadda ta saba. Bayan buɗewa, yunƙuri bai kamata ya wuce awa 3 ga 'yar fari ba, ko awa 2 ga sauran. Wanda ba shi da agogo ya kirga da salla: ciwo mai ƙarfi da ya kama tun Asuba, har aka kira Magariba ba a sauka ba, ya isa a tashi tsaye.

Jinkiri kan zo ne daga raunin naƙudar kanta, ko gajiya da ƙishirwa, ko mafitsara da ta cika ta tare hanya, ko jariri ya juyo da ƙeyarsa wajen bayan uwa, wanda shi ke kawo ciwon bayan nan mai kamar zai tsinke ƙugu. Duk waɗannan ƙaramin asibiti na iya taimakawa. Toshewa daban ce: kai ya fi ƙarfin ƙugu, ko jariri ya gicciye, ko ya kawo goshi. Nan mahaifa na turawa ne a kan ƙashi, kuma babu allura ko jiƙon da zai faɗaɗa ƙashi.

Inda wurin ya cancanci yabo shi ne awon farko, idan an dace da ma'aikaciya mai bin ƙa'ida. Za ta auna hawan jini da zafin jiki da bugun jijiya, ta duba fitsari, sannan ta shafa ciki ta gane yadda jariri ya kwanta. Ku lura da hannunta a nan. Takan jera yatsunta biyar a saman ƙashin mara, a kan kan jaririn. Idan duka biyar sun sami wurin zama, kai bai shiga ƙugu ba. Idan saura biyu ko ƙasa da haka, ya shige. Bayan haka ta ɗora tafinta a kan ciki ta zauna minti 10 cur tana kirga sau nawa ya ɗaure, da daɗewar kowanne. Naƙuda mai kyau kan ɗaure sau 3 zuwa 5 a minti goman, kowanne ya kai daƙiƙa 40 ko fiye. Sai ta saurari zuciyar jariri da ƙahon sauraro ko 'yar na'ura mai batir, lafiyayyen bugu kuwa tsakanin 110 da 160 ne a minti ɗaya. A gida babu mai iya yin wannan, komai ƙwarewar ungozomar gargajiya da tausayinta.

Duk wannan awo sai an rubuta shi yake da amfani. Akwai takardar bibiyar naƙuda, wadda ma'aikata ke kira fatogiraf, kuma ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Ana sauraron jariri duk rabin awa, ana auna bakin mahaifa duk awa 4, ana ɗiga alama. A tsohuwar takardar akwai layuka biyu a karkace. Alama ta tsallake na farko, ƙaramin asibiti ya fara shirin turawa. Na biyun yana awa 4 bayan na farko, kuma bai kamata mace ta kai shi tana wurin da babu tiyata ba. Sabuwar takardar da ta fito a 2020 ta ba kowane santimita wa'adinsa, misali a tsaya a 7 har awa 3, ko a 9 har awa 2, alamar gargaɗi ce. Abin baƙin ciki, wannan takarda mai arha ita aka fi sakaci da ita. A wasu wurare sai an haihu ake cika ta don rahoton wata. Takardar da aka cika bayan haihuwa ba ta ceci kowa ba. Mai rakiya na da damar tambaya cikin ladabi: Malama, santimita nawa yanzu, kuma nawa ne ɗazu? Amsar wannan tambaya ta fi "saura kaɗan" sau dubu.

Ta fuskar rage wa mace wahala, sakamakon gauraye ne. Maganin kashe zafin naƙuda kusan babu shi a wannan mataki, sai dabarun da ba sa cin kuɗi, kuma suna aiki. A bar ta ta yi tattaki a baranda muddin tana iyawa. In ta gaji ta kwanta ta gefen hagu, ba rigingine ba, domin nauyin ciki na danne manyan jijiyoyin jini ya rage wa jariri iska. A ba ta ruwa, ko kunu mai ruwa-ruwa, ko shayi da sukari, kurɓi-kurɓi. Tsoron zaƙi da ake yi wa mai ciki bai kamata ya kai ga hana ta abin da zai ba ta ƙarfi ba, mahaifa tsoka ce, in babu abinci da ruwa takan gaji. Ta yi fitsari duk bayan awa 2. Mai rakiya ta dunƙule hannu ta danna mata gindin baya lokacin da ciwo ya taso. Kuma kada a ce ta yi nishi kafin ma'aikaciya ta tabbatar bakin mahaifa ya gama buɗewa, domin yunƙurin wuri na kumbura shi ya ƙara jinkiri.

Aibin da muke gani a nan na hali ne, ba na kayan aiki ba. Akwai ɗakunan da ake hana 'yar rakiya shiga, alhali an tabbatar cewa kasancewar uwa ko yaya ko gwaggo a gefe na sauƙaƙa naƙuda. Akwai inda ake tilasta kwanciya rigingine, bayan matanmu sun saba haihuwa a kan gwiwa, kuma durƙuson ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi taimakon saukowar kai. Akwai tsawa da gori. Yarinyar da kunyar ɗan fari ta sa ta danne ciwo tun jiya ba ta gaya wa kowa ba, ba tsawa take bukata ba. Kalma ɗaya mai zafi kan hana matan unguwa guda komawa asibiti, kuma wannan hasara ce da ake biya da rai.

Babban haɗari kuwa, wanda ya sa muke rage wa wasu daga cikin waɗannan wurare maki sosai, shi ne ruwan naƙuda, wato maganin oxytocin. Oxytocin magani ne mai albarka bayan haihuwa, amma kafin haihuwa wuƙa ce mai baki biyu. Ana sa shi ne cikin ƙarin ruwa, ɗigo-ɗigo, bayan an tabbatar hanya ba a toshe take ba, kuma a wurin da za a iya shiga tiyata nan take in abu ya ɓaci. A ɗura shi ga mace mai toshewa, a wurin da tiyata ke nesa da awa biyu, ganganci ne. Mahaifa za ta matse babu hutu, jariri ya rasa iska, ita kuma ta yage. Mafi muni shi ne allurar da ake kiran mai kyamis ya yi a gida, da ƙwayar misoprostol da ake ba mace ta sha don "ta taso da naƙuda". Ƙwaya ɗaya ma'auninta 200 ne, alhali abin da likita ke amfani da shi don tayar da naƙuda 25 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin takwas. Haka nan danna saman ciki da hannu ko gwiwar hannu don a turo jariri, da yankan gishiri, wanda ba ya buɗe komai sai hanyar jini da yoyon fitsari. Addu'a da rubutu kuwa babu mai hana su, amma a sha a cikin mota ana tafiya.

Alamomin da ke cewa zama ya ƙare ba ɓoyayyu ba ne. Ciki ya rabu gida biyu da wani zobe a tsakiya, kusa da cibiya. Gaba ya kumbura. Fitsari ya ƙi fita, ko ya fito da jini. Zafin jiki ya kai 38, leɓe ya bushe, bugun jijiya na ta hawa. Ruwan faya ya fito kore ko da wari, ko faya ta fashe an doshi awa 18 babu haihuwa. Bugun zuciyar jariri ya sauka ƙasa da 110 ko ya haura 160. Hannu ya fito: kada a ja, kada a mayar. Cibiya ta riga jariri fitowa: mace ta durƙusa kamar mai sujada, ƙirji a ƙasa ƙugu a sama, a tafi da ita a haka. Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce naƙuda mai tsanani da ta ɗauke ɗif lokaci ɗaya, mace ta yi lamo tana gumi mai sanyi. Sai a ce ta sami sauƙi. Sau da yawa mahaifa ce ta fashe, jini na zuba a ciki, kuma ta fi faruwa ga mai haihuwa da yawa ko wadda aka taɓa yi wa aiki.

A nan ake gane ƙaramin asibiti na ƙwarai. Na ƙwarai ba ya cewa "ku tafi babban asibiti" ya juya baya. Kafin mota ta tashi zai sa allurar ƙarin ruwa a jijiya ya rataya leda, ya sa robar fitsari, ya ba da kashin farko na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan akwai jijjiga, ko hawan jini ya kai 160 bisa 110 da ciwon kai da gani dishi-dishi, zai yi allurar magnesium sulphate ta farko, giram 14: 4 a jijiya a hankali, 5 a kowane ɗuwawu. Zai rubuta takarda mai ɗauke da lokacin zuwa, da awon da aka yi, da maganin da aka bayar da ƙarfe nawa, ya buga waya can a san ana tafe, in da hali ma'aikaciya ta raka. Wurin da ke yin wannan ya cika aikinsa ko da ba a haihu a cikinsa ba. Bai kamata iyali su ɗauki turawa a matsayin gazawar Malama ba. Wadda ta riƙe mace har gari ya waye don kada a ce ta kasa, ita ce abin tsoro.

Mota dai ita ce raunin da ba na asibitin kaɗai ba. Kaɗan ne ke da motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a ciki. Jigawa na da shirin Haihuwa Lafiya, kuma an horar da direbobin ƙungiyar NURTW a garuruwa da dama kan ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, to amma lambar direba sai an neme ta tun ciki na wata bakwai, ba ƙarfe biyun dare ba. Da damina, a yankunan fadamar kogin Haɗeja irin su Auyo da Guri da Miga, hanya kan yanke, don haka mai cikin da ake wa fargaba gara ta koma wurin dangi kusa da gari tun watan haihuwa bai kama ba. Maigida mai tafiya ci-rani ya bar izini a fili gaban mahaifiyarsa da ƙaninsa cewa a fita da ita, kuma a sa hannu a yi aiki in likita ya ce a yi. Awannin da ake ɓatawa ana neman sa a waya suna da tsada. A tafi da maza biyu lafiyayyu da za su iya ba da jini. Manyan asibitocin da ake turawa sun haɗa da na Jahun, Haɗeja, Gumel, Ringim, Kazaure, Dutse da Birnin Kudu, a Kano kuma Wudil, Gaya, Rano, Bichi, Gwarzo, Dambatta, har zuwa Murtala da Malam Aminu Kano a birni. A Nuwamban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu bukata a asibitocin da ke cikin shirin, amma a tambaya tun wajen awo wane asibiti ne mafi kusa da ke ciki, kuma duk da haka a ajiye kuɗin mota da na abin da ba a rasa ba.

Idan Allah ya sa an sauka a ƙaramin asibitin bayan doguwar wahala, aiki bai ƙare ba, domin mahaifar da ta gaji ba ta son tsukewa, daga nan jini ke ɓallewa. Ƙa'ida ita ce allurar oxytocin ma'auni 10 a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri, in babu sai ƙwayar misoprostol uku, a fitar da mabiyiya a duba ko ta cika, sannan a riƙa taɓa mara duk minti 15 har awa 2. Mahaifa mai kyau tauri gare ta kamar ƙwallo a ƙasan cibiya. In ta yi laushi a murza ta har ta ɗaure. Sai dai oxytocin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar da ta yi watanni a aljihun tebur, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, tana nan garau a ido amma ƙarfinta ya ragu. Saboda haka asibitin da ke da firijin sola mai aiki ya fi wanda ba shi da shi da tazara mai yawa, kuma fitilar da firijin ke tafe da ita ta fi ɗinki da hasken waya.

Jinin da ya kai rabin lita ya zama zubar jini, kuma ido ba ya iya kimanta shi a kan zane. Wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da haɗa magunguna lokaci ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Wurin da kuka ga wannan leda da allurar tranexamic acid mai tsayar da jini, ku riƙe shi. Jaririn doguwar naƙuda shi ma kan fito a gajiye. A tsane shi, a goga bayansa, in bai yi kuka ba a fara hura masa iska da jakar numfashi kafin minti ɗaya ya cika. Ba a zuba masa ruwan sanyi, ba a riƙe shi ta ƙafa a jijjiga. Cibiya kuma man chlorhexidine za a shafa, ba gashi da tsumma ba. A zauna awa 24 kafin a koma gida, ko da 'yan barka sun cika tsakar gida.

Abu ɗaya da ƙananan asibitoci ke yawan mantawa, kuma yana ba mu takaici don sauƙinsa, shi ne robar fitsari bayan naƙudar da ta toshe. Kan jariri ya daɗe yana matse mafitsara a jikin ƙashi, naman wurin ya rasa jini, bayan 'yan kwanaki ya ruɓe ya faɗi, sai yoyo ya fara. Barin roba na kimanin mako biyu, tare da shan ruwa da yawa, na ba wurin damar warkewa, har ƙaramar ɓula kan rufe da kanta. Wadda ta ga fitsari na zuba ba ta sani ba, ko ƙafa ɗaya na ja, kada a tsaya jiran arba'in. Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, suna gyaran yoyon fitsari. Mai hawan jini ko kumburi kuma ta yi nesa da kunun kanwa, gishirin cikinsa na ƙara wa zuciya nauyi.

Akwai matan da bai kamata su fara ta ƙaramin asibiti ba sam, awo kawai za su yi a can: yarinya ƙarama mai cikin fari da jikinta bai gama ginuwa ba, wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko gyaran yoyon fitsari, mai tagwaye, wadda aka ce jaririnta a gicciye yake ko a zaune, mai haihuwa biyar zuwa sama, mai hawan jini, mai sikila ko ƙarancin jini, da wadda ta taɓa zubar da jini ko ta haifi ba rai bayan doguwar naƙuda. Ga sauran, a yi amfani da zuwa awon wata takwas a leƙa ɗakin haihuwar da ido. A tambayi Malama wa ke kwana, kuma mace ce ko namiji. A ga firijin ko yana sanyi, a ga inda ruwa yake. A tambaya ko suna barin 'yar rakiya ta shiga, ina suke turawa in ta ƙi, da wace mota, kuma tafiyar minti nawa ce da rani, nawa ce da damina. A karɓi jerin kayan da za a zo da su, galibi safar hannu, ledar shimfiɗa, audugar mata, sabulu, ruwan wanke ɗaki, zannuwa masu tsabta da kayan jariri, a haɗa su a jaka ɗaya da katin awo a sama, a rubuta lambar Malama da ta direba a bayan katin.